Cika, Cunkoso da Nauyin Kaya: Darasi Daga Kalmomin Larabci

A bakin Bahaushe kalmar “cika” tana da ayyuka da yawa. Randa takan cika da ruwa, mota takan cika da fasinja, mutum yakan cika alkawari, yaro yakan cika surutu, tsoho kuma idan kwanansa ya ƙare akan ce ya cika. Kalmar ɗaya ce, sai dai wani wuri albarka take nufi, wani wuri kuwa masifa. Larabci ya rarraba waɗannan ma'anoni, ya ba kowace irin cika sunanta. Akwai sunan cikar da ke kawo gamsuwa, da na wadda ke matse mutane har numfashi ya gagara, da na kayan da ya fi ƙarfin mai ɗauka. Wannan darasi zai bi su daki-daki.

Nazarin yana da amfani ga iyali ta fuskoki uku. Na fari, Hausa ta ari kalmomi masu yawa daga Larabci, wasunsu kuma daga cikin waɗannan saiwoyi suka fito. Na biyu, Larabci ɗan'uwan Ibrananci da Aramaik ne, harsunan da aka rubuta Tsohon Alkawari da su, saboda haka mai karatun Littafi Mai Tsarki zai gamu da abin da ya riga ya sani. Na uku, masu zuwa Chadi ko Sudan, da masu karatu a Masar, da masu ziyarar Baitalami da Nazarat da Urdun, duk sukan ji waɗannan kalmomi a tasha, da asibiti, da kasuwa.

Yadda ake gina kalmar Larabci

Yawancin kalmomin Larabci suna tsirowa ne daga saiwa mai baƙaƙe uku. Saiwar tana riƙe da ainihin ma'ana, wasula da ƙarin haruffa kuma suna juya ta. Alal misali, saiwar m-l-' tana nufin cikawa. Daga gare ta ake samun “mala'a”, wato ya cika wani abu. Da “imtala'a”, wato abin ya cika. Da “mamlu'”, abin da aka cika. Da “mil'”, gwargwadon abin da zai cika mazubi. Wanda ya riƙe saiwa ɗaya ya riƙe mabuɗin kalmomi goma ko fiye.

A nan an rubuta kalmomin ne bisa al'adar Hausa: ƙ a madadin harafin ƙaf, ɗ kuma a madadin harafin da ke cikin “ɗahara”. Harafin da aka rubuta th kuwa, Hausawa sukan furta shi kamar s.

Masanan Larabci sun daɗe da lura da yalwar harshensu a wannan fanni. Wani malami mutumin Naisabur, mai suna Tha'alibi, wanda ya rasu a shekarar 1038, ya rubuta littafi mai suna Fiƙhul Luga, inda ya jera kalmomi bisa ma'anarsu. Ya keɓe babi guda ga cika da rashinta, ya nuna cewa jirgin ruwa, da ƙoƙon sha, da kogi, da ido mai hawaye, da zauren taro, kowanne yana da kalmar da ta dace da cikarsa.

Kashi na ɗaya: cikar da ke da albarka

Saiwar m-l-' ita ce uwa a wannan kashi, a kanta kuma ba ta ɗauke da yabo ko zargi. Mutumin Masar ko Sudan yakan ce “malyan” ga tulu, ko mota, ko aljihu. Ibrananci yana da wannan saiwa, yana cewa “male”. Littafi Mai Tsarki na Larabci da aka fi sani, wanda Eli Smith ya fara fassarawa a Beirut tare da Butrus al-Bustani da Nasif al-Yaziji, Cornelius Van Dyck kuma ya kammala a 1865, yana amfani da “mil'” a wurare da yawa inda Hausa ke cewa “cikar” abu kaza. Daga wannan saiwa kuma aka sami “mala'”, wato manyan gari, waɗanda masanan luga suka ce an kira su haka domin suna cika ido da kwarjini. Bahaushe ma yakan ce wane ya cika ido.

Ta biyu ita ce sh-b-', ƙoshi. “Shabi'a”, ya ƙoshi, “shab'an”, ƙosasshe. Wannan ita ce cikar da ta tsaya daidai inda buƙata ta ƙare.

Ta uku ita ce w-f-y, cikar da ta kai ma'auni. “Wafa'” na nufin cika alkawari da riƙon amana. A Masar ta dā rayuwar manoma ta rataya ne a kan ambaliyar Kogin Nilu ta kowace shekara. A shekarar 861 aka gina ma'aunin ruwa a tsibirin Rauda da ke Alƙahira, mai ginshiƙi a tsakiyar rijiya. Idan ruwa ya kai kamu 16 sai a yi shelar “Wafa'un Nil”, wato Nilu ya cika alkawarinsa. Ƙasa da haka yunwa ce, idan kuwa ya zarce da nisa gidaje da gonaki ne za su tafi. Wannan ambaliya ta daina isa gonakin Masar bayan da aka kammala babban dam na Aswan a 1970. Kalmar “wafati” da Hausa ta ara, wato rasuwa, daga saiwar nan take, gama mamaci ya cika kwanakinsa. Ashe da Bahaushe ya ce “ya cika”, hanya ɗaya suka bi da Balarabe.

Ta huɗu ita ce “faid”, tumbatsa. Idan ƙwarya ta cika ta batse har tana zuba, an ce “fada”. Ana faɗin haka ga alheri mai yawa, da hawaye, da hatsin da ya yi rara. Amma “fayadan”, daga wannan saiwa, ita ce ambaliyar da ke cinye gari. Harafin d na wannan kalma shi ne wanda Hausa ke mayarwa l, kamar yadda “al-ƙadi” ya zama “alƙali”, “damir” ya zama “lamiri”, “darura” kuma ta zama “larura”.

Kashi na biyu: daga ƙoshi zuwa ƙwarewa

Larabci ya ja layi tsakanin ƙoshi da abin da ke bayansa. “Tukhma” ita ce ɓacin cikin da ke bin yawan ci. “Mutkham” kuma shi ne wanda ya ci har abinci ya zame masa ciwo. Marubuta sukan ce kasuwa ta yi tukhma sa'ad da kaya suka yi yawa masu saye suka yi kaɗan.

“Kizza” ita ce cikar ciki da ke hana numfashi. Daga saiwarta aka gina “iktizaz”, kalmar da jaridun Larabawa ke amfani da ita ga ajin da yara suka yi wa yawa, da kurkuku, da ɗakin marasa lafiya. “Muktazz” shi ne wurin da ya cika maƙil. Hoton da ke cikin kalmar shi ne, ginin ya haɗiye fiye da abin da cikinsa zai ɗauka.

“Gussa” kuwa ita ce lomar da ta tsaya a maƙogwaro. Idan aka ce zaure “gass” ne da mutane, ana nufin ya ƙware da su. Haka nan baƙin cikin da ya tokare wa mutum wuya, ya kasa haɗiyewa ya kasa furtawa, sunansa gussa.

Kashi na uku: cunkoso

Saiwar z-h-m tana nufin matsi na kafaɗa da kafaɗa. “Zahma” ita ce kalmar titi. Duk wanda ya taɓa zama a Alƙahira, wadda ita da kewayenta ke ɗauke da mutum fiye da miliyan 20, ya ji ta a bakin direba da ɗan makaranta, ita ce kuma uzurin mai makara. A rubutu akan ce “izdiham”, wurin kuma “muzdahim”. Asalin ginin kalmar da t ne, amma t ba ta jin daɗin zama bayan z, sai ta rikiɗe ta zama d. Daga wannan saiwa ake samun “muzahama”, gasar 'yan kasuwa, gama kowa yana ture ɗan'uwansa domin ya sami wurin tsayawa.

Idan zahma ta tsananta akwai matakai biyu a gabanta. “Tadafu'” shi ne turereniya, “ikhtinaƙ” kuma shaƙewa. Cunkoson motocin da ya tsaya cik ana kiransa “ikhtinaƙ mururi”, shaƙewar hanya. Waɗannan kalmomi biyu sun cika labaran Masar a ranar Lahadi, 14 ga Agusta, 2022, sa'ad da wuta ta tashi daga na'urar sanyaya ɗaki a majami'ar Abu Sefein ta Kibɗawa a unguwar Imbaba, ana cikin sujada. Mutum 41 suka rasu, yara da yawa a cikinsu. Hayaƙi da turereniya a ƙuntatacciyar mafita su ne suka yi ɓarna mafi yawa. Gini cike da jama'a abin farin ciki ne ga masu taro, amma tazarar da ke tsakanin cika da shaƙewa ba ta wuce faɗin ƙofa ba.

Akwai kuma cunkoso na cikin jiki, wanda likita ke kira “ihtiƙan”. Saiwar h-ƙ-n tana nufin tsare ruwa a wuri ɗaya. Toshewar hanci, da kumburin maƙogwaro, da taruwar ruwa a huhu, duk ihtiƙan ne. Allurar asibiti ma “huƙna” ce. Mai jinya a ƙasar Larabawa da ya ji wannan kalma, sai ya tambaya wace gaɓa ake nufi, gama ihtiƙan na hanci mura ce, na huhu kuwa yana iya zama alamar ciwon zuciya. 'Yan jarida sun ari kalmar ga zaman ɗarɗar a ƙasa, sa'ad da fushi ya taru bai sami mafita ba.

Kalma ta ƙarshe a wannan kashi ita ce “mashgul”, daga sh-g-l. Layin waya, da kujera, da mutumin da aiki ya riƙe, duk mashgul ne, wato wani abu ya riga ya mamaye wurin. Hausa ta ari “shagali” da “shagala” daga nan. Wanda ya shagala, hankalinsa ne ya cika da wani abu har babu wurin abin da ya kamata.

Kashi na huɗu: kaya da nauyinsu

Saiwar h-m-l ita ce ta ɗauka. Masanan luga sun bambanta “himl” da “haml”. Himl shi ne kayan da ke bisa kai ko baya, haml kuma abin da ke cikin ciki ko 'ya'yan da ke bisa itace. Saboda haka mace mai juna biyu “hamil” ce, mai ɗauke da kaya ko da hannunta wofi ne. “Hammal” shi ne ɗan dako. “Tahammul” ita ce juriya. A Masar wayar hannu “mahmul” ce, abin da ake ɗauka. “Hamila” ta Hausa, igiyar rataya takobi, daga nan ta fito.

Lodin mota ko jirgi “humula” ne, idan ya wuce ƙa'ida kuma “humula za'ida”. A watan Yuni na 2022 wani jirgin ruwa mai suna Badr 1 ya nutse a tashar Suwakin ta Sudan, yana shirin kai tumaki Saudiyya. An loda masa tumaki 15,800, alhali ƙarfinsa na 9,000 ne. Ma'aikatan jirgin sun tsira, amma mafi yawan dabbobin sun halaka, masu su kuma suka rasa riba da uwar kuɗi gaba ɗaya.

Saiwar sh-h-n ita ce ta lodi. “Mashhun” shi ne jirgin da aka cika da kaya, “shahina” babbar motar kaya, “shahn” kuma a yau har da cajin waya. Abin lura shi ne “shahna'”, wato ƙiyayyar da ta taru a zuciya, da “mushahana”, cacar baki. Balarabe ya ga zuciyar mai riƙo kamar jirgin da ake ta yi wa lodi ba a saukewa.

Saiwar th-ƙ-l ita ce ta nauyi. “Thaƙil”, mai nauyi; mutumin Sudan da na Chadi sukan ce “tagil”. “Athƙala”, ya ɗora masa fiye da ƙima. “Muthƙal”, wanda kaya suka danne, kamar wanda bashi ya yi wa katutu. “Mithƙal” ma'aunin zinariya ne na kimanin giram 4.25, wanda fatake suka yi ciniki da shi a hanyoyin Sahara, Hausa kuma ta karɓe shi da sunan “misƙali”. Inda Larabci ke da th, Ibrananci yakan sa sh, Aramaik kuma t. Ke nan “shekel” na Tsohon Alkawari, da “tekel” da aka rubuta a bangon fadar Belshazzar a Daniyel sura 5, da misƙalin Bahaushe, saiwa ɗaya ce, duk maganar awo ce. A fassarar Van Dyck, ayar Matiyu 11:28 da ke magana a kan masu fama da kaya ta haɗa th-ƙ-l da h-m-l wuri ɗaya.

Larabci ya san kuma nauyin da ke da daraja. “Wiƙr” kaya ne mai nauyi, “waƙar” kuwa natsuwa ce da kwarjinin dattijo. “Wizr” ma kaya ne mai nauyi, masanan luga na Larabawa kuma sun danganta “wazir” da shi, wato waziri shi ne mai taya sarki ɗaukar nauyin mulki. Bahaushe ya san wannan ma'ana, gama yakan ce yana jin nauyin surukinsa, yakan kuma yabi wanda ya ɗauki nauyin marayu.

Kashi na biyar: iyakar ƙarfi

Ma'aunin da ke raba nauyi mai daraja da nauyi mai karya mutum shi ne “ɗaƙa”, iyakar abin da mutum zai iya. Yau ana amfani da kalmar ga makamashi, kamar lantarki da hasken rana. Abin da ya wuce wannan iyaka an ce yana “fauƙaɗ ɗaƙa”, bisa ƙarfi.

Wanda aka tura ya haye iyakar yana cikin “irhaƙ”, gajiyar da barcin dare ɗaya ba ya warkarwa. Shi kuma “murhaƙ” ne. Wannan ta fi “ta'ab”, gajiyar yau da kullum. Saiwar r-h-ƙ tana da ma'anar kusantowa da riskowa, shi ya sa matashin da ya kusanci balaga ake kiransa “murahiƙ”. Kalmomin biyu sun yi kama, mai koyo sai ya kula kada ya kira gajiyayye matashi.

Daga k-l-f Hausa ta ari “kallafa”. “Taklif” shi ne ɗora wa mutum aiki, “taklifa” kuɗin da abu ya ci, “takalluf” kuma shi ne mutum ya kallafa wa kansa abin da ba nasa ba domin idon jama'a. Larabci ya sa tsada da ƙaryar arziki a gida ɗaya.

Abin da iyali za su ɗauka

Amfanin rarrabe suna shi ne rarrabe magani. Idan aka kira kowane hali “cika”, sai a yi murna inda ya kamata a yi hattara. Gidan da ya cika da baƙi da 'ya'yan dangi abin yabo ne a al'ada, amma maigida ya kamata ya duba ko cikar ta zama iktizaz, ya kuma duba wuyan wa aikin ya hau. Sau da yawa uwargida ce ko babbar 'ya ke shiga irhaƙ ba tare da ta furta ba.

Mace mai juna biyu ta riga ta ɗauki haml ɗinta. Ɗebo ruwa daga nesa da daka da faskare ƙari ne a kan kaya. Yaron da ya tashi da talla, ya wuce makaranta, ya dawo gona, yana da ɗaƙa irin ta yaro, idan kuma ya yi gyangyaɗi a aji ba lalle ragwanci ba ne. Bikin da aka yi da bashi domin kada a raina gida takalluf ne, amarya da ango su ne za su zauna muthƙal bayan baƙi sun watse. Motar da aka yi wa lodi fiye da ƙa'ida, ko kwalekwalen da ruwa ya kai bakinsa, ya fi kyau a bar shi ya wuce ko da rana ta yi. Masu shirya taro kuma su tabbata ƙofofi a buɗe suke, kujeru ba su tare hanya ba, yara kuma suna kusa da mafita.

Saura shahna'. Ita ce lodin da ba a gani, kuma kullum kaɗan-kaɗan ake ƙara shi: maganar da aka haɗiye ta zama gussa, gussa ta taru ta zama ihtiƙan, wata rana ƙaramin abu ya fasa shi. Miji da mata da suka saba zama su sauke ƙananan kaya tun suna ƙanana, da wuya su kai ga mushahanar da maƙwabta za su ji.

Tambayoyi domin nazari a gida

1. Mene ne bambanci tsakanin shab'an da mutkham, da kuma tsakanin faid da fayadan?

2. Me ya sa aka kira cikar Kogin Nilu “wafa'”, kuma wace kalmar Hausa ce ta fito daga wannan saiwa?

3. Waɗanne kalmomi uku ne suka haɗa Hausa da Ibrananci da Aramaik a saiwar nauyi?

4. A cikin ayyukan gida na mako guda, wa ya fi kowa ɗaukar himl, kuma wane aiki ne za a iya sauke masa tun daga gobe?

5. A hidimar da iyali ke shirin yi nan gaba, wane kashe kuɗi ne buƙata, wanne ne kuma takalluf?